Gran Turismo 7: daga saka faifai zuwa tseren Le Mans cikin ruwan sama

Faifai na saka, ba daga shagon PlayStation na sauke ba, amma kada wannan ya ruɗi kowa: faifai ba ya raba mutum da sayen data. Gran Turismo 7, wasan tseren motoci na PlayStation, yana cin fiye da gigabait 100 a cikin na'ura, kuma duk gyare-gyaren da kamfanin Polyphony Digital ya yi ta turowa tun ranar 4 ga Maris 2022 da wasan ya fito, sai an sauke su kafin a buɗe maka ƙofa. Saboda haka aikin farko shi ne share wuri a cikin PS5, wato na'urar PlayStation 5, na biyu kuma a bar saukewar ta kwana tana tafiya. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, a jona na'urar a inbata, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil ita ke jawo dogon binciken nan da PS5 ke yi wa kanta idan an sake kunna ta.

Akwai kuma maganar asusu, wadda ya kamata a warware tun kafin a fara. Nijeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kowa ke ɗaukar wata ƙasa. A wannan wasan zaɓin yana da tasiri, don da yankin asusunka ake haɗa ka da abokan tsere a intanet. Mai asusun Ingila da 'yan Turai zai kara, mai na Amurka kuma can ƙetaren teku za a jefa shi, inda nisa ke sa motocin mutane su riƙa tsalle-tsalle a gabansa. Na Ingila na yi amfani da shi. Ƙasar asusu ba ta canzuwa bayan an buɗe shi, sai dai a buɗe sabo.

Babban aibin wasan tun a bakin ƙofa yake tarbar mutum: sai da intanet ake yinsa, ko da kai kaɗai kake tsere da motocin kwamfuta. Ba a cikin na'urarka ake adana ci gabanka ba, a sabar kamfanin ake ajiye shi. Na cire intanet da gangan don in ga abin da zai rage, sai na tarar da ɗan ɓangaren tseren gwaji mai motoci ƙalilan, da Music Rally, wato tuƙi da kiɗa inda bugun waƙa ke raguwa a madadin daƙiƙu. Gareji, kuɗi, lasisi, duk a kulle. Datar da yake ci yayin wasa ba ta taka kara ta karya ba, matsalar ita ce layin ya zauna daram lokacin da aka gama tsere za a adana sakamako. A tsakiyar Maris 2022 sabar ta tsaya fiye da awa 30, duk wanda ya sayi wasan a duniya ya koma kallon allo.

Da aka shiga, sai tambayoyin saiti. Akwai na hasken talabijin, wanda bai kamata a yi gaggawar wucewa ba, don akwai tseren dare da ba za ka ga bakin titi ba in baƙin allon ya yi yawa. Sai zaɓi tsakanin fifita saurin hoto da fifita kyan haske. Saurin hoto na ɗauka, domin a PS5 ta asali wancan kyan hasken a maimaicin tsere da gareji da ɗaukar hoto yake aiki, ba a cikin tseren kansa ba. Abin da wasan ba zai faɗa maka ba shi ne ka shiga saitin talabijin ɗinka ka mayar da shi yanayin gem. In ba haka ba akwai ɗan jinkiri tsakanin yatsanka da allo, kuma a gudun kilomita 200 a awa mota tana cin mita 55 a daƙiƙa guda. Jinkirin da ido ba ya gani ya isa ya sa ka wuce wurin taka birki.

Da kiredit 20,000, wato kuɗin cikin wasan, ake farawa, a tura ka wurin motocin hannu ka zaɓi ɗaya cikin uku: Toyota Aqua, Honda Fit Hybrid ko Mazda Demio mai shan gas. Kada ka ɓata lokaci wajen tunani, sauran biyun ma za su shigo hannunka a tseren farko-farko. Demio na ɗauka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗabi'ar da za ka riƙe daga nan har ƙarshe: duk motar hannu da ka saya, da zarar an buɗe maka GT Auto, garejin kula da mota, ka fara kai ta canjin baƙin mai. Kuɗin kaɗan ne, kuma tsohon mai yana rage wa inji ƙarfi. Akwai lokacin da canjin mai kaɗai zai ɗaga lambar da ke auna ƙarfin motar har ta wuce iyakar tseren da kake shirin shiga, don haka a canza mai tukuna, sannan a yi lissafin sauran kaya.

Ƙashin bayan wasan wani gidan shayi ne da ake kira Café, inda mai wurin, Luca, ke ba ka littafin oda. Kowane littafi yakan ce ka tara motoci uku na gida ɗaya, ka je ka ci su a tsere, na uku ko sama da haka ya wadatar. Ka dawo, ya ba ka tarihinsu, ya buɗe maka sabuwar hanya ko sabon shago. Littattafai 39 ne suka zo da wasan. Ga sabon shiga wannan tsari alheri ne, don yana ɗaukar mutum daga ƙaramar mota mai jan gaba, zuwa mai jan baya, zuwa mai jan ƙafa huɗu, a hankali, ba tare da ya ankara ana koyar da shi ba. Ga wanda ya saba da wasannin Gran Turismo na baya kuwa, takura ce. Ba kai ke zaɓen abin da za ka tuƙa ba, kuma bayanan duk rubutu ne da hoton fuska, babu murya, sai dai ka yi ta danna X.

Inda wasan ya nuna shi gwani ne, ɗakin lasisi ne. Lasisi biyar ne na asali: B da A na ƙasa, B da A na ƙasa da ƙasa, sai Super, kowanne da jarabawa 10, kowace jarabawa da tagulla, azurfa ko zinariya. Ta farko ba komai ba ce illa ka tashi mota ka tsayar da ita cikin wani akwati da aka zana a titi. Abin dariya ne a ido, amma a nan za ka fara jin abin da DualSense, abin riƙon wasa na PS5, ke yi. Maɓallin L2 yana da tauri kamar fedar birki, kuma idan taya ta fara kullewa ABS, mai hana ta kullewar, ya shiga, za ka ji yana bugun yatsanka. R2 kuma yana karkarwa idan tayar da ke jan motar ta fara juyawa a banza. Wannan ba ado ba ne, labari ne motar ke ba ka kafin ido ya gani.

Jarabawowin kwana su ne makarantar gaske. Kuskuren da kowa ke yi, ni ma na yi shi sau da dama kafin in samu zinariya, shi ne shiga kwana da gudu sannan a murɗa sitiyari da ƙarfi. Motar sai ta yi kunnen uwar shegu ta miƙe gaba. Dalili kuwa, taya tana da iyakar riƙon da za ta iya: in birki ya cinye riƙon duka, babu sauran da za a juya da shi. Abin da ya yi aiki shi ne taka birki sosai tun motar tana miƙe, sannan a riƙa sakinsa sannu a hankali yayin da ake fara juyawa. Wannan ɗan ragowar birkin yana ajiye nauyin motar a kan tayoyin gaba, su kama titi. In ka sake shi gaba ɗaya lokaci guda, nauyi ya koma baya, hanci ya yi sama, gaba ya ƙi bin umarni. A mota mai jan baya kuma matsalar a wajen fita take: ka taka totur da wuri alhali sitiyari bai miƙe ba, bayan motar ya zame, kafin ka ce kwabo ta yi katantanwa. Wasan yana nuna maka wannan motsin nauyi a fili, ana ganin motar tana durƙusawa tana tashi. Kowace jarabawa tana da bidiyon gwaji, kuma a cikinsa ana ganin sandar birki da ta totur a ƙasan allo. Su za ka kalla, ba motar ba. Jarabawar ƙarshe ta Super, Porsche 917K ce ta 1970 a hanyar Spa mai danshi, kuma ita kaɗai tana iya cin yini.

Game da taimakon tuƙi, ga yadda na bi wajen cire su. Birki mai taka kansa shi ya fara tafiya tun ranar farko, don yana rage gudu inda babu buƙata. Sai ASM, mai daidaita mota in ta fara zamewa, da taimakon mayar da sitiyari. TCS, mai hana taya juyawa a banza, yana tafiya daga 0 zuwa 5: a ƙananan motoci 0 ya isa, a manya masu jan baya na bar shi a 2 ko 3 har hannu ya faɗa, sannan na sauko 1. Illar barinsa sama ita ce yana yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin fita daga kwana, inda ake cin tsere. ABS kuwa na bar shi yadda ya zo, kusan kowa haka yake yi. Layin da ake zana maka a titi shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi wuyar rabuwa, amma muddin yana nan ido ba ya koyon allunan 150, 100 da 50 da ke gefen hanya, waɗanda su ne ainihin ma'aunin birki. Giya ta hannu tana da ribar da ta fi ƙarfin ƙoƙarin koyonta, musamman wajen tsimin mai.

To, a tseren kansa ne gizo ke saƙa. Yawancin tseren Café babu zagayen neman wurin tashi. Kai ne na ƙarshe a layi, ana tafe ake sakin ku, kuma kafin ka tsallaka layin farawa na gaba ya riga ya yi nisa. Zagaye biyu ko uku ne kacal, sai ka sha gaban motoci goma sha wani abu. Wannan ba tsere ba ne, farauta ce. Motocin kwamfuta kuma layinsu kawai suka sani: suna taka birki da wuri a tsakiyar kwana inda ba ka zata ba, kuma in kana gefensu ba sa ba ka wuri. Sakamakon haka wasan da ya ɓata awanni yana koya maka ladabin tuƙi, shi ne kuma ke tura ka ka zo da motar da ta fi ta kowa ƙarfi ka yi ta kutsawa. Maganin da suka kawo shi ne GT Sophy, direban kwamfuta da Sony AI ta horar, wanda ya samu wurin zama a sabuntawar Nuwamba 2023. Bambancin a bayyane yake: yana kare layinsa, yana barin faɗin mota guda in kun jera, yana jiran kuskurenka. Sai dai a PS5 kaɗai yake, a wasu hanyoyi, kuma bai shiga tseren Café ba, inda aka fi buƙatarsa.

Gyaran mota yana tafiya ne da lamba ɗaya, PP, wadda ke auna ƙarfin motar gaba ɗaya. Tsere zai ce kada a wuce 600 ko 700, kai kuma ka san yadda za ka raba abin da aka ba ka. Tsarin da ya biya ni shi ne taya tukuna, sai rage nauyi, sai birki da shokozoba, ƙarfin inji a ƙarshe. Tayoyin busasshen titi aji uku ne, Comfort, Sports da Racing, kowanne da mai tauri, matsakaiciya da mai taushi. Mai taushi ta fi kama titi amma ta fi saurin cinyewa, kuma tana cin PP da yawa. Wanda ya fara da babban turbo a kan tayar Comfort ya sayi wahala da kuɗinsa: ƙarfin yana zuwa ne farat ɗaya a saman juyin inji, taya kuma ba ta da inda za ta kai shi. In ka wuce iyaka da maki kaɗan, ba sai ka cire kaya ba. Akwai na'urar rage ƙarfi, akwai kwamfutar inji da ake saukar da ita kashi-kashi, akwai kuma nauyin ƙari har kilo 200 da ake iya turawa gaba ko baya. Motar da injinta ke baya, ɗan nauyi a gaba yana kwantar mata da hankali.

A yi hattara da kayan da ba sa cirewa. Aikin cikin inji, irin su faɗaɗa silinda, da rage nauyin bodi, in an yi an yi ke nan, sai dai a sayi sabon inji ko sabon bodi, kuma ba su da araha. Mota za ta iya fin ƙarfin ajin da ka saye ta dominsa. Shafin saiti kansa yana da zurfi: tsayin mota daga ƙasa, taurin sifirin, karkatar taya, tazarar kowace giya, da LSD, na'urar raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi, mai lambobi uku daga 5 zuwa 60. In bayan mota yana fita duk lokacin da ka taka totur, lambar tsakiya ta LSD za ka fara saukewa, kafin ka taɓa wani abu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a yi zagaye uku, a duba agogo. Wani ciwon kai shi ne kamfanin yana sake lissafin yadda taya da shokozoba ke aiki lokaci zuwa lokaci. Na Yuli 2024 ya sauya PP na motoci da yawa, har wasu saituna suka riƙa cilla mota sama kafin a gyara. Saitin da aka kwafo daga intanet, a fara duba ranar da aka yi shi.

Tseren da ya tara duk abin da wasan ya iya wuri guda shi ne na minti 30 a Le Mans, mai iyakar PP 700. Hanyar kilomita 13.6 ce, zagaye ɗaya yana cin minti huɗu da 'yan kai, wato wajen zagaye bakwai ke nan. Mai yana ƙarewa, taya tana cinyewa, sararin sama kuma ba ya tsayawa a hali ɗaya. Ga yadda na shirya. Na ɗauki motar tsere ta ajin Gr.4, ƙaramin ajin motocin tsere, na sa mata tayar Racing mai tauri, sannan na sayi tayar tsaka-tsaki ta danshi da ta ruwa mai yawa tun kafin a tashi. Wannan sharaɗi ne: a rumfar makanikai tayar da ka riga ka saya wa wannan motar kaɗai za a nuna maka. Wanda ya manta, haka zai ƙarasa tsere yana iyo.

Ana tashi, maɓallan kibiya na hagu da dama su ke juya ƙaramin allon da ke ƙasan dama: TCS, rabon birki, ma'aunin mai, radar yanayi. Ma'aunin mai daga 1 zuwa 6 yake, 1 cikakken ƙarfi, 6 tsimi. Allon yana nuna zagaye nawa man da ya rage zai kai ka, kuma wannan lambar ita ce abin lura. A doguwar miƙaƙƙiyar Mulsanne, in na samu bayan wata mota na laɓe a iskarta, sai in ɗaga lambar zuwa 3 ko 4, in kuma sa giya ta gaba kafin inji ya kai ƙarshen kukansa. Tsayawa ɗaya da aka rage ta fi duk daƙiƙun da aka yi asara wajen tsimi. Sai radar: a buɗe ta da faɗi a ga inda hadari ya nufa. Shuɗi mai haske yayyafi ne, tayar busasshen titi za ta iya jurewa in an bi a hankali. In launin ya yi duhu ya doso tsakiya, a shiga rumfa a wannan zagayen, kada a ce bari a ƙara ɗaya. Na gwada ƙarawa. A hanya mai wannan tsawo, ruwa yana iya sauka a ɓangare ɗaya ɗayan kuma a bushe, kuma minti huɗu a kan tayar da ba ta dace ba sun ishe ka ka rasa komai.

A ƙasan hagu akwai sandar da ke nuna yawan ruwan da ke ƙarƙashin tayarka a daidai inda kake. In ta haura zanen farko, lokacin tayar tsaka-tsaki ya yi, in ta haura na biyu sai ta ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ruwa ya ɗauke: layin da motoci ke bi shi ke fara bushewa, ana ganinsa baƙi-baƙi ya fita daban, gefe kuma ruwa na kwance. Ka fita daga layin nan da taya biyu don ka sha gaban wani, sai sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Tayar ruwa kuma a busasshen layi cinyewa take yi da sauri, don haka ko dai ka riƙa bi da ita ta cikin danshi a miƙaƙƙiyar hanya, ko ka koma ka canza. Wajen shiga da fita rumfa kada taya ta taka farin layi, tarar daƙiƙa 3 ce. Abin takaici, ba kowace hanya ce ke da ruwan sama ba.

Ladan wanda ya zo na ɗaya kiredit 550,000 ne, in kuma an ba ka tukwicin tsere mai tsafta na kashi 50, ya zama 825,000. A nan lissafi ke ɓaci. Shaguna uku ne: Brand Central na motocin 2001 zuwa yau, wurin motocin hannu, da Legend Cars na tsofaffin da suka yi suna, wanda farashinsa ke bin ƙiyasin kamfanin Hagerty na kasuwar gaske. A can akwai motocin kiredit miliyan 20. Raba wannan da 825,000, tsere 25 ke nan, fiye da awa 12 kana maimaita abu ɗaya saboda mota guda, wadda kuma za ta iya ɓacewa daga shago kafin ka tara, sai bayan makonni ta dawo. A gefe guda ga tayin sayen kiredit da kuɗin gaske: miliyan 2 a kan dala 19.99 a farashin fitowa, wato motar nan ta kusa dala 200, a wasan da aka riga aka saya dala 69.99. Sabuntawar Maris 2022 ta rage ladan tseren da mutane ke tara kuɗi da su, aka yi ca a kan kamfanin, shugabansa Kazunori Yamauchi ya ba da haƙuri, aka raba wa 'yan wasa kiredit miliyan ɗaya-ɗaya, a Afrilu aka ƙara lada aka ɗaga iyakar aljihu daga miliyan 20 zuwa 100. Sayar da mota ma sai a Nuwamba na shekarar aka kawo shi. An samu sauƙi, amma har yanzu tsere huɗu ne ke biya da kyau: Le Mans ɗin nan, Tokyo mai PP 600, Sardegna mai 800, da na awa guda a Spa. Kafin a fara maimaita su, a je Circuit Experience, inda ake koyon hanya gaɓa-gaɓa. Ladansa sau ɗaya ake ba da shi amma yana da kauri, kuma na Nordschleife mai kilomita 20.8 miliyoyi ne. Tikitin caca da ake bayarwa in ka tuƙa kilomita 42.195 a rana, kada a sa rai da shi: a nuna maka mota da tulin zinariya, a ƙarshe ya tsaya kan 'yan tsabar da suka fi ƙanƙanta.

Bayan littafi na 39 sai sunayen ma'aikata su hau allo, daidai lokacin da ka fara riƙe motocin tsere na gaske. Motocin Gr.1 da Gr.2, manyan azuzuwan tsere, suna nan jibge, amma tseren da aka tanadar musu kaɗan ne. Motoci sun fara da ɗari huɗu da 'yan kai, sabuntawar kyauta ta kai su sama da 500, har da Toyota Hiace, ga mai son ganin abin da motar haya za ta yi a Suzuka.

Wanda ke neman tsere na gaskiya, Sport zai nufa, ɓangaren karawa da mutane a intanet, kuma sai da rajistar biya ta PlayStation Plus. Tsere uku ne, A, B da C, ana sauya su duk mako. Kana da ma'auni biyu: DR na iya gudu, SR na ladabi. Kafin ka shiga, ka yi zagayen neman wuri har sai ka samu lokaci mai kyau, don tashi daga tsakiyar tawaga a kwanar farko ta Monza neman rigima ne. An daidaita ƙarfin motocin aji ɗaya, saboda haka kuɗinka ba ya saya maka nasara, kuma wannan shi ne adalcin da babu shi a Café. Alƙalin kwamfuta ne dai ba ya da tabbas: wani ya tura ka waje ya wuce lafiya, kai a ci ka tarar fita daga hanya. In SR ya faɗi, da 'yan karo za a riƙa haɗa ka, fita daga cikinsu kuma sai ka yi tsere biyu ko uku kana bin baya ba ka taɓa kowa ba. Wayar LAN daga rawuta ta fi Wi-Fi nesa ba kusa ba. In layi ya yanke ana tsaka da tsere, an fitar da kai ke nan, babu dawowa.

Ɓarnar haɗari ba ta kai ko'ina ba: ka daki bango a gudun 250, abin da za ka gani ƙujewar fenti ne da ɗan lotsawa. Ƙarar inji ta fi ta wasannin baya, kuma da abin kunne ana gane gefen da mota ke tahowa. A PS4 wasan ɗaya ne, sai dai jiran lodi ya fi tsawo, babu Sophy, babu PS VR2, gilashin da ke sa ka cikin wasan, wanda aka ƙara wa PS5 a Fabrairu 2023.

Sitiyari ba dole ba ne, DualSense ya isa a ci zinariya a duk lasisi. Ga mai son saye, Logitech G29 da haƙoran giya yake aiki, yana da ƙara da ɗan gargada, Thrustmaster T300RS da bel yake ja, ya fi laushi, Fanatec GT DD Pro kuma sitiyarin a kan injinsa na lantarki yake kai tsaye. A duba kwali da kyau a kasuwa: G920 kamarsu ɗaya da G29, amma na Xbox ne, ba ya aiki a PlayStation. Kada a kai ƙarfin jijjigar sitiyari ƙarshe, don in ya cika ƙananan saƙonnin taya ɓacewa suke yi cikin nauyi. A G29 na fara daga 4, na ɗaure shi a teburin da ba ya motsi, na tokare fedar da bango. Kwana biyun farko lokacina ya fi na DualSense muni da kusan daƙiƙa biyu a Tsukuba, hanyar da duka-duka kilomita 2 ce, sai a rana ta uku ƙafar hagu ta fara gane nauyin birki.